Tsofaffin Jaruman Mujallun Pulp a Sabuwar Riga: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce mujallar pulp, kuma su wa ake kira jarumanta?

Sunan daga takarda ya samo asali. A 1896 wani maɗabi'i a birnin New York, Frank Munsey, ya mai da mujallarsa Argosy ta zama ta ƙagaggun labarai zalla, yana buga ta a kan takarda mafi arha da ake yi da dusar itace. Wannan dusar ita ce pulp a Turanci. Takardar kaushi gare ta, kuma ba ta daɗewa take yin ja ta fara karyewa. Yawancin mujallun faɗinsu inci 7, tsawonsu inci 10, shafi kamar 128, ana sayar da su santi 10 na dalar Amurka. Marubuci kuwa ana biyansa ne da ƙidayar kalma, galibi santi ɗaya kowace kalma. Wanda bai yi sauri ba bai ci abinci ba, kuma wannan saurin yana nan cikin jinin labaran.

Manyan jaruman su ne John Carter da Tarzan na Edgar Rice Burroughs, dukansu sun fito a mujallar All-Story a 1912; Zorro na Johnston McCulley a 1919; Buck Rogers a 1928; The Shadow, wanda ya fara a matsayin murya a rediyo a 1930 kafin ya sami mujallarsa a 1931; Conan na Robert E. Howard a Weird Tales a Disamban 1932. Sai Doc Savage a Maris 1933. Akan haɗa da Flash Gordon na 1934 da The Phantom na 1936, ko da yake su a shafin zane na jaridu aka haife su. Gida ɗaya ne, ɗakuna ne suka bambanta.

Me ya kashe mujallun?

Ƙarancin takarda lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙananan littattafan aljihu na santi 25 da suka fara yaɗuwa daga 1939, da littattafan zane da suka kwashe yara, daga baya talabijin. A 1949 kamfanin Street & Smith ya rufe The Shadow da Doc Savage. Doc Savage ya tsaya a fitowa ta 181, The Shadow a ta 325.

In an ce an sabunta jarumi, me ake nufi?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin rarrabewa yakan sa a yi ta musu a banza. Akwai wanda yake barin jarumi a zamaninsa ya gyara yadda ake ba da labarin kawai, kamar fim ɗin The Shadow na 1994 da The Phantom na 1996, duk a shekarun 1930 aka bar su. Akwai wanda yake ɗauko shi ya dire a wani zamanin: littafin The Shadow da James Patterson da Brian Sitts suka fitar a 2021 ya farkar da jarumin ne a ƙarshen ƙarni na 21. Akwai hanyar gado, inda tsohon jarumi yake miƙa takobi ga yaro. Akwai kuma wanda yake ƙirƙirar sabon mutum ya zuba masa halayen na da: Indiana Jones na 1981, da Rocketeer da Dave Stevens ya zana a 1982, da Tom Strong na Alan Moore a 1999, wanda duk mai ido ya san jikan Doc Savage ne.

Sai hanyar da ta fi wuya, wato juya labarin a ba wanda aka take a asali damar magana. Za mu zo gare ta a batun Tarzan.

Wata al'ada ta daban ita ce tara jarumai a duniya guda. Philip José Farmer ne ya ƙarfafa ta da littattafansa na 1972 da 1973, inda ya rubuta tarihin rayuwar Tarzan da na Doc Savage kamar mutane ne na gaske, har ya zana musu salsala ɗaya. Kamfanin Dynamite ya bi sawu a 2012 da jerin zane mai suna Masks, ya haɗa The Shadow da Green Hornet da The Spider da wani sabon Zorro.

Me ya sa manyan fina-finan waɗannan jarumai suke yawan faɗuwa a kasuwa?

Babban dalili shi ne 'ya'ya sun cinye gadon tun uba yana da rai. Labarin Batman na farko a 1939 daga wani labarin The Shadow na 1936 aka kwaso ƙashin bayansa. Doc Savage sunansa na yanka Clark, laƙabinsa Mutumin Tagulla, yana da maɓoya a yankin ƙanƙara na arewacin duniya da ake kira Fortress of Solitude. Superman ya zo da suna Clark, da laƙabin Mutumin Ƙarfe, daga baya ya ɗauki maɓoyar har da sunanta. George Lucas ya nemi izinin yin fim ɗin Flash Gordon bai samu ba, sai ya yi Star Wars a 1977. To yaron da ya tashi da Batman, in ka nuna masa attajiri mai baƙar alkyabba da malafa yana farautar 'yan ta'adda da dare, cewa zai yi an kwaikwayi Batman. Ba ruwansa da wa ya riga wa.

John Carter na 2012 shi ne babban misali. Labarin ya girmi Star Wars da shekara 65, amma masu kallo suka ga hamada da jiragen sama da gimbiya da filin kokawa da dodanni, duk abubuwan da sun riga sun gani. An kashe wa fim ɗin sama da dala miliyan 250, Disney ta bayyana cewa za ta yi asarar kusan dala miliyan 200 a kansa. An kuma cire "na Mars", wato duniyar da labarin yake faruwa a cikinta, daga sunan fim ɗin, aka bar sunan mutum tsurarsa, wanda bai gaya wa kowa komai ba.

Dalili na biyu kuɗin ne da kansa. Labarin pulp abin arha ne, mai sauri, wanda in wannan wata bai yi daɗi ba wata mai zuwa akwai wani. Fim ɗin da ya ci dala miliyan ɗari biyu dole ya gamsar da kowa, daga yaro zuwa kaka, daga Amurka zuwa Sin. Sai a kankare duk wani kaifi. The Lone Ranger na 2013 haka ya ƙare: awa biyu da rabi, rabi barkwanci rabi kisan kiyashi, bai tsaya ko'ina ba.

Na uku, cutar ba da tarihin asali. A mujallar, The Shadow ya yi shekara shida mai karatu bai san ainihin sunansa ba, sai a 1937 aka bayyana cewa Kent Allard ne, matuƙin jirgin sama. A labaran farko ma ta idon yaransa ake ganinsa, shi kuwa dariya ce kawai cikin duhu. Fim ɗin 1994 ya buɗe da bayanin ko shi wane ne da inda ya koyi sihirinsa. Dodon da aka kunna wa fitila ya daina ba da tsoro.

Na huɗu, jin kunyar kayan da ake sayarwa. Fim ɗin Doc Savage na 1975 da Green Hornet na 2011 duk sun yi ta yi wa jaruminsu dariya. In mai fim bai yarda da jaruminsa ba, mai kallo ba zai biya kuɗi ya yarda da shi ba.

To wa ya dace, kuma me ya yi daidai?

The Mask of Zorro na 1998. Darakta Martin Campbell ya bar tsohon Zorro, Anthony Hopkins, ya yi shekara ashirin a kurkuku, ya fito ya horar da wani ɓarawo mashayi, Antonio Banderas. Dabarar ta warware matsala biyu a lokaci guda. Wanda bai san Zorro ba yana koyo tare da yaron, wanda ya san shi kuma yana ganin an girmama tsohon. Faɗan takobin na gaske ne, gwanin takobi Bob Anderson ne ya horar da 'yan wasan. Akwai raha, amma ba Zorro ake yi wa dariya ba.

Misali na biyu daga Faransa yake. Arsène Lupin, ɓarawo mai kwalliya da Maurice Leblanc ya ƙirƙira a 1905, ɗan uwan jaruman pulp ne ta fuskar hali. Shirin Lupin da Netflix ta fara nunawa a Janairun 2021 bai dawo da shi ba sam. Jarumin shi ne Assane Diop, wanda Omar Sy ya fito a matsayinsa, ɗan wani direba ɗan Sanagal da aka yi wa sharrin satar sarƙa. Littafin Lupin ne mahaifinsa ya bar masa, daga nan yake ɗebo dabaru. Abin da ya fi burgewa shi ne yadda aka sabunta ɓad da kama. Lupin na da yana sa gemun ƙarya. Assane rigar masu shara kawai yake sawa ya shiga gidan tarihi na Louvre, domin ya san ba mai kallon fuskar baƙin mutum mai goge-goge. An riƙe injin labarin, an canza man da yake sha.

Tarzan fa? Ana iya gyara shi ya dace da yau?

Nan ne gizo ke saƙar. Burroughs bai taɓa taka Afirka ba. A bugun mujalla na 1912 har damisar Asiya mai zane-zane ya sa a dajin, sai a littafin 1914 aka mai da ita zakanya. Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne ginshiƙin labarin: jaririn wani basaraken Ingila ya tashi a hannun birai, ya koya wa kansa karatu daga littattafan mahaifinsa, ya fi dabbobi da mutanen wurin ƙarfi da wayo, kuma littafin yana jingina hakan ga jininsa. A cikin littafin Tarzan ya manna takarda a ƙofar bukkarsa yana kirarin cewa shi ne mai kashe namun daji da baƙaƙen mutane masu yawa. Wannan ba fenti ba ne da za a kankare, tubalin ginin ne.

Masu fim sun gwada hanya biyu. Zanen Disney na 1999 ya cire 'yan Afirka gaba ɗaya: daji, birai, Turawa, shi ke nan. The Legend of Tarzan na 2016 ya yi ƙoƙarin fuskantar tarihi. Ya kai labarin Kwango zamanin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, ya sa Léon Rom, jami'in mulkin mallaka na gaske, a matsayin bos. Ya kuma kawo George Washington Williams, baƙar fata ɗan Amurka wanda a 1890 ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana tona asirin zaluncin da ya gani da idonsa. Samuel L. Jackson ne ya fito a matsayinsa. Sai dai mutumin da ya yi jarumtar gaske ya koma mai bin Tarzan a baya yana haki, kuma Bature ne dai ya ceci Kwango. A ganinmu hakan ya fi na Disney ciwo, domin an ari sunan mai gaskiya an yi wa ƙarya ado.

Amsa mafi ƙarfi ta zo ne daga Charles R. Saunders, baƙar fata haifaffen Amurka da ya zauna a Kanada. Ya tashi yana son Conan da Tarzan, yana ƙin yadda suke nuna Afirka. Maimakon gyara su sai ya ƙirƙiri Imaro, mayaƙi a wata nahiya da ya kira Nyumbani, wadda ya gina daga tarihi da tatsuniyoyin Afirka. Ƙabilar mahaifiyar jarumin ma da Masai ta yi kama. Littafin ya fito a 1981. Abin takaici, kamfanin ɗab'in ya rubuta a bango cewa wannan baƙin Tarzan ne, magadan Burroughs suka tayar da batun shari'a, aka sake buga bangon, jinkirin ya taɓa kasuwar littafin. Victor LaValle ya bi wata hanyar a 2016, ya ɗauki ɗaya daga labaran H. P. Lovecraft, marubucin labaran ban tsoro na zamanin pulp, mafi nuna ƙyamar baƙi ya sake ba da shi ta bakin wani saurayi baƙar fata ɗan unguwar Harlem.

Ban da batun Afirka, wane kaya ne kuma ba ya ɗaukuwa zuwa yau?

Mugun ɗan Asiya mai dogon farce da yake son mallakar duniya: Fu Manchu, da Ming na Flash Gordon, da Shiwan Khan na The Shadow. A zanen Marvel na 1973, Shang-Chi ɗan Fu Manchu ne. Fim ɗin 2021 ya jefar da wannan uban ya ƙirƙiri Wenwu, wanda Tony Leung ya fito a matsayinsa, mutum mai dalili da baƙin cikin mutuwar matarsa. Aikin uban a labarin bai canza ba, mutum aka zuba a inda da hoto ne.

Doc Savage yana da nasa. Masu laifin da ya kama yakan tura su wani ɓoyayyen asibiti a yi musu aikin ƙwaƙwalwa, su manta da rayuwarsu ta baya, su fito mutanen kirki. A 1933 wannan jinƙai ne. Yau abin tsoro ne. Marubuci yana da zaɓi: ya share asibitin, ko ya mai da shi zuciyar labarin. Na biyun ya fi riba, domin jarumin da ya tabbata yana da gaskiya alhali yana yanka kawunan mutane ya fi kowane bos ban sha'awa.

Zan iya rubuta labarin Tarzan ko Zorro ko Conan ba tare da izini ba?

Abu uku za ka duba, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ƙasar da za a buga ko a sayar. A Amurka, tsohon aiki yana zama na kowa bayan shekara 95 da bugawa, in dai an sabunta rajistarsa a kan lokaci. Wanda ba a sabunta ba ya riga ya kuɓuce tun tuni. Littattafan farko na Tarzan da John Carter da Zorro duk sun kuɓuta a can. A lissafin shekara 95, abin da aka buga a 1931 sai 2027, na 1932 sai 2028, na 1933 sai 2029. A Nijeriya da Tarayyar Turai kuwa ana ƙirga shekara 70 ne daga mutuwar marubuci. Howard ya mutu a 1936, don haka labaransa sun kuɓuta tun 2007. Burroughs ya mutu a 1950, nasa sun kuɓuta a 2021. McCulley ya mutu a 1958, sai 2029. Ka ga Zorro ya kuɓuta a wani wuri, a wani wurin da saura.

Na biyu, wane ɓangare na jarumin kake ɗauka. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke a 2014, a shari'ar Sherlock Holmes, cewa abin da yake cikin labaran da suka kuɓuta na kowa ne, amma abin da aka ƙara daga baya yana nan a hannun masu shi. Saboda haka Tarzan na littafin 1914 halal ne, amma kamanninsa na zanen Disney da waƙoƙin fim ɗin ba naka ba ne. Haka Conan na Howard daban, abin da fim ɗin 1982 ya ƙara masa daban.

Na uku, kuma nan mutane suka fi tuntuɓe: tambarin kasuwanci. Shi ba ya tsufa muddin ana amfani da shi. Kamfanin da Burroughs ya kafa a 1923 yana riƙe da sunan Tarzan a matsayin tambari har yau. Dynamite ta guje wa sunan a bango, ta kira zanenta Lord of the Jungle da Warlord of Mars, duk da haka an maka ta a kotu a 2012, suka sasanta a 2014. Wanda bai da kuɗin lauya, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ta Saunders da Moore: sabon suna, sabuwar ƙasa, tsohon inji.

Wane inji ke nan? Akwai tsarin da ake bi?

Akwai, kuma Lester Dent, wanda ya rubuta mafi yawan Doc Savage da sunan aro Kenneth Robeson, ya bar shi a rubuce. Labari mai kalma 6000 ne, a raba shi huɗu, kowane kashi kalma 1500. Kafin a fara, a tanadi aƙalla abu ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan: baƙuwar hanyar kisa, baƙon abin da mugu yake nema, baƙon wuri, da wata barazana da take rataye a kan jarumi.

A kashi na farko, tun layin farko a gabatar da jarumi a jefa shi cikin masifa, a shigo da duk mutanen labarin da wuri, a rufe da faɗa da wani abin ba-zata. A na biyu a ƙara masa kaya, a sake faɗa, a sake juyi. A na uku ya fara samun sa'ida har ya ritsa mugu, sai ƙasa ta zame masa. A na huɗu a binne shi cikin matsala har wuya, sannan ya fita da gwanintarsa ko ƙarfinsa ko iliminsa, ba da sa'a ba, ba kuma wani ne ya zo ya cece shi ba.

Inda sababbin marubuta suke ɓata shi sananne ne. Suna cinye kashi na farko wajen tarihin yarintar jarumi. Suna maimaita irin faɗa ɗaya sau huɗu, alhali Dent ya ce a bambanta: in na farko dambe ne, na biyu ya zama guba ko takobi. Ko su manta cewa wayar salula ta kashe rabin tsofaffin dabaru. In an kawo labarin zamanin yau, dole a amsa tambayar me ya hana a buga waya, kuma "babu sabis" sau ɗaya ake cin ta. Ɓoye fuska ma haka: ƙyallen da ya rufe ido kawai ba zai ruɗi kyamarar tsaro ba.

Irin waɗannan jarumai sun taɓa zuwa wajenmu?

Sun zo ta mujallun hoto. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kamfanin Drum ya riƙa fitar da African Film, labarin ɗan sandan ciki Lance Spearman mai kwat da malafa da sigari, ana ɗaukar hotunan 'yan wasa a jera a sa musu magana. An karanta ta sosai a Nijeriya da Gana da Kenya. 'Yar uwarta Boom tana da Fearless Fang, gwarzon daji baƙar fata, wato amsar Tarzan tun kafin Imaro ya zama littafi. A Hausa kuma sake wa baƙon jarumi riga ba sabon abu ba ne: Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga gwarzon tatsuniyar Rasha Ilya Muromets aka ɗauko shi, kuma da yawa sun karanta shi a makaranta ba su taɓa zargin baƙo ba ne.

Daga ina zan fara?

Tarzan of the Apes da A Princess of Mars, littafin John Carter na farko, suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Ga Conan, a nemi bugun da ya ce rubutun Howard ne tsantsa, domin bugun aljihu na shekarun 1960 an taɓa kalmominsa an kuma cusa labaran wasu a tsakani. "The Tower of the Elephant" gajere ne, zama ɗaya ya isa a gama shi. Bayansa a karanta Imaro, a ga abin da Saunders ya riƙe da abin da ya zubar. A fim kuwa, a kalli The Mark of Zorro na Douglas Fairbanks na 1920, wanda ba shi da murya, sannan na 1998 a daren da ya biyo baya.